Addini, Tsattsauran Ra'ayi da Jinin da Ake Zubarwa da Sunan Allah: Tambayoyi da Amsoshi

Tun da aka fara tayar da bam a masallatai da coci-coci a Najeriya, akwai tambayoyin da ba sa ƙarewa: a majalisar ƙofar gida, a ajin Islamiyya, a ɗakin kwanan ɗalibai, har tsakanin miji da mata idan ɗansu ya fara sauya hali. Wasu ana yin su da ƙarfi, wasu kuwa sai an waiga an ga babu kowa. An tattaro waɗanda suka fi maimaituwa a nan, daga masu sauƙi zuwa masu nauyi. Mai amsawa Musulmi ne, kuma yawancin misalansa daga arewacin Najeriya da kudancin Nijar suke, domin a nan muka binne mutanenmu.

Mene ne tsattsauran ra'ayin addini? Yawan ibada ne?

Ba yawan ibada ba ne. Dattijon da ba ya barin azumin Litinin da Alhamis, da matar da ta zaɓi niƙabi, da saurayin da ya ɗage wando ya bar gemu, babu wanda za a kira mai tsattsauran ra'ayi don wannan kaɗai. Abin yana farawa ne ranar da mutum ya ɗauki fahimtarsa ita ce addinin, duk wanda ya saɓa masa kuma ya saɓa wa Allah. Daga nan sai matakai su biyo: ya daina sallah bayan limamin unguwa, ya daina cin yankan mahaifinsa, ya kira maƙwabcinsa kafiri, a ƙarshe ya ga jinin maƙwabcin da dukiyarsa sun halatta. Da yawa suna tsayawa a mataki na farko ko na biyu har su koma ga Allah. Amma duk wanda ya kai na ƙarshe, ta waɗannan ya bi.

Malamai suna kiran wannan guluwwi, kuma gargaɗi a kansa daga bakin Annabi (SAW) ya fito. A hajjinsa na bankwana ya sa Abdullahi ɗan Abbas ya tsinto masa tsakuwar jifa. Da aka kawo masa ƙanana ya ce da irin waɗannan za a yi, sannan ya ja kunne a kan wuce iyaka a addini, ya ce shi ne ya halaka al'ummun da suka gabata. A lura da inda gargaɗin ya faɗo: a kan girman tsakuwa, a tsakiyar ibada, ga mutanen da niyyarsu kyakkyawa ce.

To shi addinin gaba ɗaya, amfaninsa ya fi yawa a duniya ko cutarwarsa?

Babu sikelin da zai auna wannan, kuma duk wanda ya ba ka lissafi a kai, da ma da amsarsa ya zo. Abin da za a iya nunawa shi ne addini ƙarfi ne mai motsa jama'a fiye da doka, fiye da kuɗi, kuma inda aka juya shi nan jama'a ke bi. Labarin allurar shan inna ya isa misali. A 2003 wasu malamai da shugabanni a Arewa suka ce an gurɓata maganin don a hana Musulmi haihuwa. Jihar Kano ta dakatar da rigakafin kusan shekara guda, cutar ta sake bazuwa, ta tsallaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Zargin bai fito haka kawai ba, domin mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a 1996 ba. Amma yaran da suka shanye a waɗannan shekaru ba su san wannan tarihin ba, su dai sun rasa ƙafafu. A watan Fabrairun 2013 kuma 'yan bindiga suka harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano, mata ne.

Sai a duba yadda aka fita daga wannan rami. Ba likitoci kaɗai suka fitar da mu ba. Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar da sarakuna da limaman Juma'a ne suka tsaya, aka shiga huɗuba da maganar, hakimai da masu unguwanni suka riƙa bin gida gida. A watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Mumbarin da ya rufe ƙofofin gidaje shi ne ya buɗe su. Saboda haka tambayar da ta fi amfani ita ce: wa ke riƙe da mumbarin, me yake faɗa, kuma wa zai iya ce masa ya yi kuskure? Sauran amsoshin nan duk a kan wannan suke zagaye.

Ba addini ne ya haddasa mafi yawan yaƙe-yaƙen duniya ba?

Wannan magana ta yaɗu, amma tarihi bai goyi bayanta ba. Yaƙin Duniya na Ɗaya da na Biyu, waɗanda suka ci rayuka miliyoyi barkatai, rigimar dauloli ce da ƙabilanci da neman ƙasa. Gwamnatin Stalin a Rasha da ta Mao a Sin, waɗanda suka rufe wuraren ibada, sun hallaka miliyoyi ta hanyar yunwa da sansanonin azaba. A Kambodiya tsakanin 1975 da 1979 mutanen Pol Pot sun kashe kusan mutum miliyan biyu, kuma limaman Buda da Musulmin ƙabilar Cam suna cikin waɗanda aka fi nema. Ɗan Adam ba ya rasa dalilin kisa ko da an ɗauke masa littafi.

Sai dai wannan ba ya wanke masu addini. Yaƙin shekara talatin na Turai, daga 1618 zuwa 1648, ya tashi ne tsakanin Katolika da Furotesta, ya bar wasu yankunan Jamus kufai, ko da yake daga baya Faransa mai bin Katolika ta shiga ɓangaren Furotesta don muradinta na siyasa. Rabuwar Indiya da Pakistan a 1947 ta ci dubban ɗaruruwa. Abin da addini ke ƙara wa rikici, idan an ja shi ciki, shi ne wuyar sasantawa. Rigimar gona ana iya raba gonar. Wanda ya gaskata cewa Allah ne ya aiko shi ya yi kisa, da me za ka saye shi?

Me ya sa kullum Musulunci ake ambata? Sauran addinai ba su da masu tsattsauran ra'ayi?

Suna da su. A Uganda, Joseph Kony ya shafe shekaru yana sace yara yana yanke wa mutane leɓe da kunne, yana cewa dokoki goma na Littafi Mai Tsarki zai kafa. A 1994 wani Bayahude mai suna Baruch Goldstein ya harbe masallata 29 a masallacin Annabi Ibrahim da ke Halil. A Gujarat ta Indiya a 2002 gungun 'yan Hindu sun kashe Musulmi da yawa, a Miyanma kuma wasu limaman Buda sun rura wutar ƙiyayyar da ta kai ga korar Rohingya fiye da 700,000 a 2017. A Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya mayaƙan Anti-balaka sun kusa share Musulmi daga birnin Bangi a 2014, kuma Hausawa 'yan kasuwa suna cikin waɗanda suka tsere.

Jera waɗannan yana da amfani guda: ya nuna cutar ba ta addini ɗaya ba ce. Ba ya da amfanin zama mafaka. Duba amsar da ke ƙasa a kan masu cewa “ai ba Musulmi ba ne”.

Wane amfani na zahiri addini ya yi wa mutane, wanda ko marar addini zai yarda da shi?

A ƙasar Hausa ma tambayar ta kusa zama abin dariya, domin karatu da rubutu kansu ta hanyar allo suka shigo. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta kafa tsarin 'Yan Taru a ƙarni na 19, malamai mata da ake kira jajis suna bin ƙauyuka suna koyar da mata da waƙoƙi, tun kafin a ji sunan makarantar boko. 'Yan mishan sun buɗe asibitoci da wuraren jinyar kutare a lokacin da gwamnatin Turawa ba ta damu ba, asibitin ido na ECWA da ke Kano har gobe Musulmi ne mafi yawan masu zuwa. A Maiduguri, lokacin da garuruwa irin su Bama da Gwoza suka watse a 2014, mafi yawan 'yan gudun hijira ba a sansani suka sauka ba, a gidajen mutane suka sauka, talakawa suna raba ɗaki da kwano da baƙin da ba su sani ba, don Allah. A garin ne kuma lauya Zannah Mustapha ya buɗe makaranta a 2007 wadda daga baya ta haɗa marayun sojoji da marayun 'yan Boko Haram a aji ɗaya, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Nansen a 2017.

Irin wannan aikin ba ya shiga labarai kamar bam, don haka idan ana lissafi ake mantawa da shi.

Su wane ne Hawarijawa da malamai ke yawan ambata idan ana maganar Boko Haram?

Ƙungiya ce da ta ɓalle daga rundunar Sayyidina Ali bayan yaƙin Siffin a shekara ta 37 bayan hijira, saboda ya yarda a yi sulhu ta hanyar alƙalai. Takensu shi ne babu hukunci sai na Allah. Ali ya ce magana ce ta gaskiya da ake nufin ƙarya da ita. Mutane ne masu ibada ta ban mamaki, goshinsu ya yi kanta saboda sujada, amma suka kafirta Ali da Mu'awiya da duk wanda bai bi su ba. Littattafan tarihi sun kawo cewa sun yanka Abdullahi ɗan Habbab, ɗan sahabi, da matarsa mai ciki, alhali a tafiyar nan ɗayansu ya tofar da dabinon da ya tsinta don bai biya kuɗinsa ba. Wannan haɗin, tsantseni a kan dabino da sakaci a kan jini, shi ne tambarinsu har yau.

Yadda Ali ya bi da su ma darasi ne. Ya ce ba zai hana su masallaci ba, ba zai hana su rabonsu ba, ba zai yaƙe su ba sai sun fara. Ya aika Abdullahi ɗan Abbas ya yi muhawara da su, dubbai suka dawo. Sai da ragowar suka fara kisa ya yaƙe su a Nahrawan. Ɗaya daga cikinsu, Abdurrahman ɗan Muljam, shi ya sare shi a Kufa a shekara ta 40 bayan hijira, a watan azumi, yana fitowa sallar asuba.

Mene ne ya faru a rikicin Maitatsine?

Muhammadu Marwa mutumin arewacin Kamaru ne da ya zauna a Kano yana wa'azi, yana tsine wa mai agogo da mai keke da mai rediyo, abin da ya sa aka yi masa laƙabin Maitatsine. Sarki Sanusi na Ɗaya ya kore shi a farkon shekarun 1960, ya sake dawowa, ya kafa sansani a unguwar 'Yan Awaki, yana tara gardawa da samarin ƙauye da suka shigo birni ci-rani a zamanin da kuɗin fetur ya arzuta wasu ya bar su. A watan Disambar 1980 faɗa ya ɓarke, 'yan sanda suka kasa, sai da soja suka shigo. Kwamitin binciken gwamnati ya ce mutum 4,177 suka mutu, har da shi. Almajiransa da suka tsira suka sake tayar da fitina a Bulunkutu ta Maiduguri da Rigasa ta Kaduna a 1982, a Jimeta a 1984, a Gombe a 1985. An ɗauki shekaru ana ganin sansanin 'Yan Awaki yana girma, maƙwabta suna kai ƙara, ba a yi komai ba.

Ta yaya Boko Haram ta tashi daga wa'azi ta koma yaƙi?

Muhammad Yusuf, wanda ya kafa ƙungiyar, ya fara ne a cikin da'irar malaman Sunna na Maiduguri kafin ya ware ya kafa Markaz Ibn Taimiyya kusa da tashar jirgin ƙasa. Da'awarsa ita ce karatun boko da aikin gwamnati haramun ne, tsarin mulki ɗagutu ne. Malaman da suka san shi ne suka fara yi masa raddi: Shaihu Ja'afar Mahmud Adam, Shaihu Auwal Albani Zariya, da Isa Ali Pantami wanda ya yi muhawara da shi aka naɗa a bidiyo. An harbe Ja'afar a masallacinsa na Ɗorayi a Kano ranar 13 ga Afrilu 2007 yana limancin asuba. An kashe Albani da matarsa da ɗansa a Zariya ranar 1 ga Fabrairu 2014, Abubakar Shekau, jagoran Boko Haram a lokacin, kuma ya fito ya ce su ne.

A watan Yunin 2009 jami'an tsaro suka harbi mabiyan Yusuf a hanyar jana'iza a kan rigimar hular kwano ta masu babur. A ƙarshen Yuli faɗa ya tashi daga Bauci ya bazu zuwa Maiduguri, ɗaruruwa suka mutu, soja suka kama Yusuf da ransa suka miƙa shi ga 'yan sanda, aka harbe shi ranar 30 ga wata ba tare da shari'a ba. Shekara guda bayan haka Abubakar Shekau ya dawo da su da bindiga. Abin da ya biyo baya kowa ya sani: cocin Madalla ranar Kirsimetin 2011, harin Kano na 20 ga Janairu 2012, yaran makarantar Buni Yadi, 'yan matan Chibok 276 a Afrilun 2014, babban masallacin Kano ranar Juma'a 28 ga Nuwamba 2014 inda sama da mutum 100 suka rasu. Hukumar UNDP ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen 2020 rikicin ya ci rai kusan 350,000 a arewa maso gabas, mafi yawansu ta hanyar yunwa da cuta, kuma ƙananan yara ne.

Wani abin lura: da ƙungiyar ta tsage a 2016, babban abin da ya raba su shi ne wa ya halatta a kashe. Shekau yana ganin duk Musulmin da ke zaune ƙarƙashin gwamnati kafiri ne, waɗanda suka ɓalle ƙarƙashin Albarnawi suna ganin ya wuce iyaka. A 2021 tsofaffin almajiransa ne suka rutsa shi a Sambisa har ya tayar da bam a jikinsa. Kafirtawa ba ta da birki, wanda ya koyar da ita ma tana iya dawowa kansa.

Talauci da jahilci ne ke jawo abin, ko aƙida ce?

Duka biyun, kuma masu jayayya a kan ɗaya suna ɓata lokaci. Binciken da UNDP ta fitar a 2017, inda aka tattauna da ɗaruruwan tsofaffin mayaƙa a ƙasashen Afirka har da Najeriya, ya gano cewa kashi 57 cikin 100 ba sa karanta littafin addininsu ko kuma fahimtarsu kaɗan ce, kuma waɗanda suka daɗe a karatun addini sun fi wuyar ja. A Borno an san Yusuf yana ba samari jari da babur, yana yi musu aure. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Amma talauci bai isa bayani ba. Umar Faruk Abdulmutallab, wanda ya yi yunƙurin tarwatsa jirgin sama a Amurka ranar Kirsimetin 2009, ɗan babban attajiri ne da ya yi jami'a a Landan. A cikin mabiyan Yusuf na farko akwai masu digiri da suka yayyaga takardunsu. Kuma miliyoyin talakawa a Sakkwato da Maraɗi da Katsina ba su taɓa ɗaukar bindiga don addini ba. Talauci yana kawo mabiya. Masu tsara aƙidar da masu jagoranci yawanci ba mayunwata ba ne.

Almajirai ne sojojin waɗannan ƙungiyoyi?

An faɗi wannan fiye da yadda aka tabbatar da shi. Gaskiya ne Maitatsine da gardawa ya yi ƙarfi, kuma yaron da ke kwana a tasha ba mai nemansa yana da sauƙin ɗauka. Amma malaman tsangaya na gargajiya suna cikin waɗanda Boko Haram ta kashe, kuma da yawan yaran da aka ga suna ɗauke da bindiga sace su aka yi daga ƙauyukansu. Gyaran almajirci wajibi ne saboda haƙƙin yaran kansu, ba sai an mai da su abin tsoro ba.

Ba ya isa mu ce “ai ba Musulmi ba ne, maƙiya ne suka turo su”?

Bai isa ba, kuma wannan ita ce amsar da ta fi ɗaci. Mutanen Maiduguri sun san gidajen da waɗannan samari suka fito, sun san iyayensu, sun yi sahu ɗaya da su. Ko da akwai masu cin riba da rikicin a ciki da waje, ba daga sama aka sauko da mayaƙan ba. An ruwaito cewa da aka tambayi Sayyidina Ali ko Hawarijawa kafirai ne, ya ce ai daga kafirci suka gudu. Bai sauƙaƙa wa kansa da korarsu daga addini ba, ya ɗauke su a matsayin ɓarakar cikin gida.

Idan ta cikin gida ce, dole a tambayi irin wa'azin da yaro ke tashi yana ji. Shekara da shekaru ana hawa mumbari ana kafirta juna tsakanin ɗan ɗariƙa da ɗan Izala da ɗan Shi'a, ana zagin malamin wancan ɓangare jama'a suna kabbara. Yawancin masu yin haka ba sa nufin a zubar da jini, kuma da an zubar za su yi tir. Amma sun koya wa yaro cewa fitar da mutum daga Musulunci abu ne mai sauƙi kamar shan ruwa, sai wani ya zo ya ƙarasa masa karatun. Damuwar ma tsohuwa ce. Shehu Usmanu ya yi rubuce-rubuce da dama yana raddi ga ɗaliban da ke kafirta talakawa don ba su iya hujjojin tauhidi ba, Shehu Alkanemi na Borno kuma ya yi musayar wasiƙu da Muhammadu Bello a kan ko saɓo yana mai da Musulmi kafiri. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Rikicin Musulmi da Kirista a Kaduna da Filato, na addini ne ko na siyasa?

Yawanci wani abu ne ke kunna shi, addini ya ba shi tuta. Na Zangon Kataf a 1992 daga maganar sauya wa kasuwa wuri ya fara. Na Jos a 2001 yana da alaƙa da naɗin muƙami da rigimar ɗan ƙasa da baƙo, na 2008 kuma zaɓen ƙaramar hukuma ne. Amma da zarar an fara, a shingen hanya ba a tambayar jam'iyyarka, sunanka ake tambaya, ko a ce ka karanta Fatiha, ko ka yi addu'ar Ubangiji. Bayan rikicin shari'a na 2000 garin Kaduna ya rabu gida biyu, Musulmi suka tattara arewa da kogi, Kirista suka koma kudu, har aka samu yaran da suka girma ba su taɓa cin abincin sallah ko na Kirsimeti a gidan maƙwabci ba.

A wannan ƙasar dai aka samu Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye. Dukansu sun jagoranci matasa masu faɗa, Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu. Daga 1995 suka haɗu suka kafa cibiyar sasanci a Kaduna, kuma kowannensu daga littafinsa ya samo hujjar yafiya. A ranar 23 ga Yuni 2018, a ƙauyen Nghar Yelwa na Barikin Ladi, Imam Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekara sama da 80, ya ɓoye Kirista fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ce sai dai a fara da shi. Waɗanda ya tare ɗin, addininsu ɗaya da shi.

Idan wani ya yi ɓatanci ga Annabi (SAW), kishin addini bai halatta jama'a su ɗauki mataki ba?

Son Annabi (SAW) ba abin da Musulmi zai ba da haƙuri a kansa ba ne, kuma wanda ba Musulmi ba ya kamata ya san zafin da ɓatanci ke yi. Amma babu mazhabar da ta ba taron kasuwa ikon zama mai ƙara, mai shaida, alƙali da hauni a lokaci guda. A fiƙihun Malikiyya da muke bi, hukunci na alƙali ne, bayan shaidu da bincike da jin ta bakin wanda ake zargi. Ƙona mutum da wuta kuwa hadisi ya hana. Da Usama ɗan Zaid ya kashe mutumin da ya furta kalmar shahada a fagen yaƙi, yana cewa tsoro ne ya sa shi, Annabi (SAW) ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyarsa ya gani.

An kashe Deborah Samuel a Sakkwato a watan Mayun 2022, fadar Sarkin Musulmi ta yi tir. Shekara guda bayan haka, a garin dai, aka kashe Usman Buda, mahauci kuma Musulmi, a mayanka, bisa zargi irin wannan. A Janairun 2015, saboda zanen da wata jarida ta buga a Faransa, aka ƙona coci-coci a Damagaram da Yamai, na mutanen da ba su taɓa ganin jaridar ba. Matuƙar ihu ɗaya ya isa a kashe mutum, duk mai bin ka bashi ko mai jin haushinka ya samu makami.

Ƙarfin soja ba zai gama da su ba?

Wanda ya ɗauki bindiga yana yanka mutane dole a tare shi da ƙarfi, Ali ma ya yi hakan a Nahrawan. Matsalar ita ce ƙarfin da bai san iyaka ba. A binciken UNDP da aka ambata a amsar talauci, kashi 71 cikin 100 sun ce abin da ya tunzura su a ƙarshe shi ne wani aikin hukuma, kamar kashe ɗan uwa ko kama aboki. Bidiyon gawar Muhammad Yusuf ma ya tara wa Shekau mabiya. Bayan arangamar soja da mabiya Shi'a a Zariya a Disambar 2015, kwamitin binciken jihar Kaduna ya tabbatar da cewa an binne gawa 347 na mabiyan a rami ɗaya. Ba sai ka yarda da aƙidar mutum ba kafin ka ce hukuma ba ta da ikon kashe shi babu shari'a.

Ta yaya zan gane ɗana ko ƙanena ya fara zamewa, kuma me zan yi?

Kada ka tsorata don ya fara tsayuwar dare ko ya daina jin kiɗa. Abin dubawa shi ne mu'amalarsa: ya yanke tsofaffin abokai, ya daina gaida malaman da ya tashi a hannunsu yana kiransu malaman gwamnati, ya ƙi sallah a masallacin unguwa, yana ɓoye wayarsa, kalmar kafiri da ɗagutu da murtaddi sun yawaita a bakinsa, yana murna idan an ji labarin hari. Yanzu ba sai ya je wani markazi ba, a Telegram da TikTok da WhatsApp ake karantar da shi yana kwance a ɗakinsa.

Duka da kora su ne abin da masu jansa ke fata, domin sun riga sun gaya masa iyayensa za su ƙi shi saboda gaskiya. Riƙe shi kusa. Ka bar shi ya faɗi hujjojinsa har ƙarshe, sannan ka nemo malamin da yake ganin girmansa, wanda ya san littattafan da yake karantawa, su zauna ba sau ɗaya ba, kamar yadda aka bayyana a amsar Hawarijawa. Uwa takan riga kowa gani, a saurare ta. Ka nema masa sana'a ko karatu da zai cika masa yini. Idan kuwa ka ga makami, ko yana maganar yin hijira zuwa daji, ko baƙin da ba ka sani ba suna kwana a ɗakinsa, maganar ta wuce gida. A nan sai a bi ta hannun mai unguwa ko hakimi ko lauya a kai ga hukuma, don a samu shaidar cewa da ransa aka miƙa shi.

Tubabbun 'yan Boko Haram, a yarda da su?

Bayan mutuwar Shekau dubun dubata sun fito daga daji sun miƙa wuya a Borno. Mafi yawansu mata ne da yara da manoman da aka tsare a yankunansu, kuma haɗa waɗannan da kwamandoji a kira su duka tubabbu zalunci ne. Ga mayaƙa akwai sansanin gwamnatin tarayya a Malam Sidi ta jihar Gombe, Nijar ma ta buɗe nata a Gudumariya ta jihar Difa. Hujjar shirin a fili take: idan mayaƙi ya san mutuwa ce ke jiransa a gari, zai zauna a daji ya ci gaba da kisa. An kuma samu waɗanda suka koma bayan an sake su, don haka tsoron jama'a ba na banza ba ne.

Inda shirin ya fi rauni shi ne wajen waɗanda aka zalunta. Matar da aka yanka mijinta a gabanta tana zaune a sansani tana jiran awon hatsi, ta ga wanda ya yi aikin an koya masa sana'a an ba shi jari. Tuba tsakanin bawa da Ubangijinsa ne, haƙƙin mutane kuwa ba ya faɗuwa da ita. A shari'ar kisan kai Alƙur'ani ya ba magadan mamaci zaɓi tsakanin ƙisasi da diyya da afuwa, kuma afuwar da ya yaba ita ce wadda mai haƙƙi ya bayar da kansa. A yawancin garuruwan da ake mayar da tubabbu, sarakuna da jami'ai ake tarawa a yi taron sulhu, su magadan kuwa sai dai su ji labari.